Ciyawar da Yayana Ya Tuge a Gudduwa

A shekarata ta huɗu a Sabha ne yayana ya dawo daga bakin teku. Lokacin ina sayar da abinci a wata rumfar kwano a unguwar Sukra, shinkafa da wake da safe, tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa da rana. Maigidana direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana jigila tsakanin Agadas da Sabha, in ya tafi sai in yi wata guda ban sa shi a ido ba. Shekarun nan ne da mai ƙasar ya buɗe ƙofa ya ce Libiya gidan kowane ɗan Afirka ce. Duk inda ka juya sai ka ga allo da taswirar Afirka a jiki, mutanenmu kuma suna ta kwarara, wasu su tsaya a Sabha, wasu su wuce arewa. Yayana yana cikin waɗanda suka wuce. Kwana biyu kawai ya yi mana a hanyarsa ta tafiya, yana ta raha, yana cewa shi ɗan masunci ba zai zauna a garin da babu ko kwaɗo ba.

Mu ƴaƴan masunta ne, daga wani ƙauye a bakin tafkin Madarumfa. Shi ya koya mini iyo, shi yake ɗora ni a kan gora ya tura ni cikin ruwa ina ihu yana dariya. Mutum ne mai surutu, in yana wuri ba a jin muryar kowa.

Ranar da ya dawo ina duƙe ina wanke tukwane, na ga inuwar mutum a bakin rumfa. Ban ɗago ba na ce, "Abinci ya ƙare, malam, sai an jima." Bai motsa ba. Da na ɗago sai na ga wani ramamme riƙe da leda guda, gemu ya cika masa fuska. Sai da ya ce "ƙanwata" sannan na gane shi.

Mun riga mun ji abin da ya faru a garuruwan bakin teku. Samarin gari sun tashi a kan baƙaƙen fata, an ƙone ɗakuna, an kashe mutane. Kullum motoci suna sauke waɗanda suka tsere, kowa da labarinsa, a rumfata ma nakan ji har abinci ya fita raina. Amma yayana bai ba da nasa ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Alhamdu lillahi, na fito," ya ja bakinsa ya tsuke. Wata biyu ya yi a zauren gidan da muke haya. Ba ya zuwa bakin titi inda maza suke jiran aikin yini, ba ya shiga hira, in na kai masa abinci sai ya ci loma uku ya ture kwanon.

Da maigidana ya dawo ya gan shi, ya ce zaman nan zai kashe shi. Akwai wani Balarabe da yake yi wa dakon kaya, mai gona a Gudduwa, kudu da Sabha. Yana neman wanda zai kula masa da ruwa, da kuma macen da za ta dafa wa masu yankan dabino. Na bar rumfata a hannun wata ƴar Damagaram, muka tafi ni da yaya.

Gonar babba ce, dabino a jere a jere, sai filin sha'ir da na ciyawar dabbobi. Mai ita kowa mudir yake ce masa. Ba tsoho ba ne, yana da ɗan tumbi da saurin fushi, yana kuma jin Hausar kasuwa, irin wadda mace da namiji duk "kai" ne. A ƙarshen gonar akwai wani kwari da aka mai da shi tafki. Inji ɗaya yana jawo ruwa daga rijiya mai zurfi ya zuba a ciki, wani injin kuma ya ja daga nan ya kai gona. An daɗe da yin sa, har kaba da ƙyauro sun kewaye bakinsa. Bayansa babu komai sai rairayi har iyakar ganinka.

Washegarin zuwanmu na bi yaya zuwa tafkin don in ɗebi ruwan wanki. Ruwan garau yake, kana ganin ƙasansa. Yaya ya tsaya ya ƙura ido, sai ya naɗe wando ya shiga har gwiwa, ya sa hannu ya tsinko wata ciyawa siririya, doguwa kamar gashin Bafillatana. Ya shinshina ta, ya ɗan tauna. Sai na ga haƙoransa a karo na farko tun da ya dawo.

"Kin san wannan?"

"Ciyawa ce mana, Yaya."

"Ƙanwar ta teku ce. Waccan ta fi faɗi, amma gidansu ɗaya."

Daga ranar nan bakinsa ya buɗe, amma a kan abu ɗaya kawai. In na gama girkin rana nakan same shi a bakin tafkin, mu zauna a gindin wani dabino, ya yi ta ba ni labarin inda ya zauna. Ya ce wani tsohon masunci Balarabe ya yi wa aiki, a wani lungu na teku da tudun rairayi ya raba shi da babban ruwa. Ruwan wurin ba ya wuce ƙugu, ƙasansa kuma duk ciyawa ce shimfiɗe, sai ka yi tafiyar rabin yini a kwalekwale ba ka ga ƙarshenta ba.

"Makiyaya ce, ƙanwata, sai dai a ƙarƙashin ruwa take. Kuma tana da garkenta. In sanyi ya shigo sai tsuntsaye su tsallako teku su sauka. Agwagin daji masu jan kai, masu fito kamar yaro yana kiran akuya, su kan tsoma wuya su yi ta tsinka. Sai kajin ruwa baƙaƙe masu farin goshi, su kuma nutso suke yi su fito da ita a baki. Agwagin nan ɓarayi ne, sai su jira kaza ta fito su warce."

Na ce, "To ba sa cinye ta?"

Ya ce shi ma haka ya tambayi tsohon. Tsohon ya ce masa aski suke yi mata, ba tugewa ba. Suna cin sama su bar saiwa, kafin bazara ta sake tohowa, kashinsu kuma taki ne a gare ta. Har iri suke haɗiyewa su je su sauke shi a wani ruwan. Ita kuma ciyawar ita ke riƙe laka ruwa ya kwanta, a cikinta ƙananan kifi suke ɓuya har su girma. Yaya ya ce da idonsa ya ga wani gefe da manyan jiragen kamun kifi suka ja raga mai sarƙa suka kankare ƙasan. Ruwan wurin ya zama kamar kunu, kifi ya gudu, tsuntsu ko ɗaya ba ya sauka.

"To wannan fa, wa ya kawo ta tsakiyar rairayi?"

"A cikin tsuntsu ta zo. Ki jira sanyi ki gani."

Ban yarda ba, na ɗauka irin zancen masunta ne. Amma bayan an gama yankan dabino, da ɗari ya fara shiga, wata safiya na fito na tarar da baƙaƙen tsuntsaye guda shida a kan ruwan, kowane da farin tabo a goshi. Kafin sati biyu sun fi ƙarfin ƙirga. Agwagin ma suka zo, suna fito kamar yadda ya faɗa. Masu yankan dabino sun watse, saura ma'aikata kaɗan da suke shukar sha'ir, aikina ya yi sauƙi. Makonnin nan su ne mafi daɗi da na yi a ƙasar nan. Yaya yana cin abinci har ya nemi ƙari. Yakan nuna mini wata kaza mai ɗingishi ya ce waccan shugabar mata ce, kullum cikin faɗa take. Na fara cewa a raina ya warke.

Sai injin ban ruwa ya fara tsayawa. Guntayen ciyawar da tsuntsaye suke tsinkowa su saki suna yawo a kan ruwa, bututu ya zuƙe su ya toshe. Sau biyu yaya ya kwance ya share, a karo na uku injin ya yi zafi har ya yi hayaƙi. Mudir ya zo da motarsa yana huci. Ina tsaye da bokiti a hannu aka yi maganar.

Yaya ya ce masa cikin ladabi a samo ragar waya a ɗaure a bakin bututun, shi zai riƙa share ta safe da yamma, ba za a sake samun matsala ba. Ya ce in aka cire ciyawar ruwan zai lalace.

Mudir ya ce, "Kai ya zo aiki, kai ba ya zo koya mini gona. Kwana uku, ciyawa duka waje. Duka!"

"Mudir, tsuntsayen nan ba su da wani abinci a nan. Ko rabi a bari."

"Tsuntsu baban kai? In kai ba ya so, kai da mace, barra. Kuma ina bataka na kai? Shurɗa yana tambaya kullum."

Barra waje ke nan, shurɗa ƴan sanda, bataka kuma ita ce takardar shaida. Takardar yaya ta ƙone tare da ɗakinsa a bakin teku, mudir kuma ya sani. Ya shiga mota ya tafi ya bar mu da ƙura.

Yaya ya ce shi ba zai yi ba. Ya ce a sa wani, shi hannunsa ba zai tuge ta ba. Ni kuwa tsoro ya riga ya kama ni. Ina da ƙaramin ciki a lokacin, maigidana yana can cikin Sahara, na kuma ga yadda ƴan sanda suke loda marasa takarda a mota kamar buhunan albasa. Sai na faɗa masa maganar da har yau take ci mini rai.

"Yaya, ka dube ni. Na rufe rumfata na biyo ka jeji don ka zama mutum. Yanzu saboda kaji za ka sa a kore mu? Wata biyu ina ciyar da kai kana zaune kamar gunki, ban ce komai ba. Su tsuntsayen ne za su fito da kai in an kulle ka? In ba ka jin tausayin kanka ka ji nawa."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "To."

Kwana uku ya yi a cikin ruwan nan mai sanyi kamar ƙanƙara, da manjagara mai dogon ƙota. Yakan caka ta a laka ya ja, ciyawar ta taso da saiwarta fara sol, ya rungumo ya kai baki ya zube. In ya nufi gabas tsuntsayen su tashi su koma yamma, in ya nufi yamma su dawo. Ya yi dabara ya bar wani lungu a bayan ƙyauro, amma mudir ya zagaya ya gani, ya tsaya a kansa har sai da ya kankare shi. Da ya gama, tsibi uku ne a bakin tafkin, kowane ya fi ni tsawo, suna warin danshi. Fatar ƙafafunsa ta yi fari ta tsattsage. Na dafa masa ruwan zafi na kawo man shafawa, ya karɓa ya yi godiya kamar ni baƙuwa ce.

Ruwan ya gurɓace, ba a ganin ƙasansa. Kajin nan sai su nutsa su fito baki wayam, su sake nutsawa. Agwagi da yawa sun tashi, ban san inda suka nufa ba. Amma kajin ba su da ƙarfin tashi irin na agwagi, ga rairayi ta ko'ina, sai suka zauna. Da yunwa ta ishe su suka fara fitowa tudu, suna tafiya a jere da manyan ƙafafunsu, suka shiga filin sha'ir da ya fara tsiro suna tsinka. Yaya yakan kore su a hankali da zaninsa na rufa kafin mudir ya zo, amma ina, sun yi yawa. Gefen filin ya zama kamar an aske shi.

Ranar wata Juma'a da hantsi mudir ya zo da abokansa biyu, kowa da bindigar farauta. Ina cikin rumfar girki ina yankan albasa na ji harbi na farko, sai na biyu, sai suka haɗe kamar ana fasa duwatsu. Na leƙa na ga tsuntsaye suna gudu a kan ruwa suna faɗuwa, mutanen suna dariya suna kiran juna. Na duba inda yaya yake tsayawa ban gan shi ba. Na duba ɗakin inji, na duba ɗakinsa, na bi layin dabino ina kira. Sai a bayan tsibin ciyawar da ya fi nisa na ga takalminsa ɗaya. Da na matsa na ga tafin ƙafa yana leƙowa daga ƙarƙashi, yana rawa.

Ya haƙa rami a cikin tsibin ya shige ya ja ciyawar ya rufe kansa.

"Yaya, ni ce. Fito, tsuntsaye suke harbi."

"Yi shiru. Zauna a kai. Ki ce babu kowa."

Ban gane ba, amma na zauna a jikin tsibin na dafa ƙafarsa. Bayan harbin ya lafa, daga can ciki, da murya ƙasa-ƙasa, ya ba ni labarin da ya hana kowa.

Ya ce su biyu ne suke yi wa tsohon masuncin aiki, shi da wani ɗan Tawa da suke kwana ɗaki ɗaya, suke ci a kwano ɗaya. A bakin tekun akwai tarin busasshiyar ciyawa da igiyar ruwa take fitarwa, mutanen wurin suna tara ta su yi rufin ɗaki ko su cusa a katifa. Ranar da abin ya faru suna gyaran raga da safe sai suka ji hayaniya, suka hangi taro da sanduna da ƙarafa, wani yana harbi sama. Tsohon ya ture su zuwa tarin ciyawar ya ce su shige. Yaya ya shige. Abokin nasa ya firgita, ya ce zai kai ga kwalekwale, ya ruga. Tsohon ya rufe yaya ya hau kan tarin ya zauna da ragarsa a cinya, duk wanda ya zo ya ce masa babu kowa a nan. A bakin ruwa suka cim ma ɗan Tawa.

"Yana kirana, ƙanwata. Sunana yake kira, ba na uwarsa ba. Ina ji. Ban fito ba."

Na ce masa da ya fito da su biyu za a kashe. Na ce Allah ya ji ƙansa, kwanansa ne ya ƙare. Duk abin da ake faɗa na faɗa. Ya ce yini da kwana ya yi a cikin ciyawar, gishirinta yana cin idonsa, sannan tsohon ya saka shi a motar kayan miya da za ta kudu. Sai bayan la'asar ya yarda ya fito, kansa duk laka da guntayen ganye.

Kafin nan mudir ya riga ya aiko a kira ni. Na tarar an zube tsuntsayen a ƙofar rumfar girki, an yanka waɗanda aka samu da sauran rai. Ya ce, "Kai dafa, da makaroni, barkono da yawa." Na zauna na fige su. Ƙashin ƙirjinsu ya fito kamar bakin wuƙa, babu tsoka. Da na tsaga ƙundunsu yashi na tarar da ƴan ganyen sha'ir. Na dafa, na zuba a babban faranti na kai musu gindin dabino. Suka ci suna ƙorafin nama ya yi tauri. Na tsaya har suka gama na kwashe kwanuka na wanke.

Yaya bai sake zuwa bakin tafkin ba. Surutun da ya dawo masa ya ɗauke gaba ɗaya, halinsa ya fi na Sabha muni, don yanzu ko ƙofar mota aka buga sai ya zabura ya nemi wurin ɓuya. Mudir ya ce majanuni ne, wato mahaukaci, in ɗauke shi. Kafin mu bar gonar ruwan ya zama kore shar kamar miyar kuka, yana wari, wani irin yauƙi yana toshe bututun fiye da da. Na ga an kawo wani mutum da jarkoki yana zuba magani. Tsuntsayen da suka rage ban san ranar da suka ɓace ba.

Muka koma Sukra. Da maigidana ya iso muka yi shawara a mai da yaya gida. Ni ban iya binsu ba, cikina ya fara nauyi, hanyar kuma ba ta mai ciki ba ce. Maigidana ya ba shi wuri a gaba kusa da shi, ba a saman kaya ba. Ana ɗaure jarkokin ruwa na matsa jikin tagar na ce, "Yaya, ka yafe mini maganar da na faɗa maka a gona."

Ya dube ni ya ce, "Wace magana?"

Har yau ban sani ba ko ya manta ne ko sauƙaƙa mini yake yi.

Ya rayu shekara shida a gida, yana kiwon awakin innarmu. An ce yana sallarsa, yana gaisawa da mutane, bai taɓa yi wa kowa faɗa ba, amma bai sake kamun kifi ba, bai kuma yi aure ba. Zazzaɓi ya ɗauke shi da damina, ina Sabha, sai a bakin wani direba na ji bayan an yi sadakar bakwai. Inna ta rasu tana cewa aljanun Libiya ne suka shafe shi, ni kuma ban taɓa gyara mata ba.

Abin da na yi ƙoƙarin yi shi ne neman dangin ɗan Tawan nan, don na san akwai wata uwa ko mata da take jira. Shekaru ina tambayar duk ɗan Tawa da ya zauna cin abinci a rumfata. Amma sunansa kawai na sani, suna ne kuma da kowane gida akwai mai shi. Ban san sunan mahaifinsa ba, ban san ƙauyensu ba, yaya bai faɗa ba ni kuma ban tambaya ba lokacin da ake iya tambaya. Sau ɗaya wani dattijo ya ce yana jin ya san gidan, ya yi alkawarin zai bincika in ya koma. Bai sake biyowa ta Sabha ba har na tattara na dawo gida.